Rabin Fuskar Adda

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga ƙauyenmu da ke gefen Fakku, a ƙasar Kebbe, aka kai ni Tambuwal wurin kakata ta wajen uba. Can na yi wayo, can na yi makaranta. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, in na shiga ɗaki tana ciki sai ta tuna da wani aiki a tsakar gida. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Uwarta Bafillatana ce, sai kunyar ta zo mata ninki biyu. In tana son ta san ko na ci abinci, bango take tambaya ko an ba baƙo fura.

Ina yaro abin bai dame ni ba, don haka na ga ana yi a kowane gida. Da na girma na zama malamin elemantare a Tambuwal, na fara sa takalmi sau-ciki ina jin kaina, sai abin ya riƙa ba ni dariya wani lokaci, wani lokaci kuma haushi. Ni dai mutum ne mai saurin hawa, kakata ta sha faɗa mini cewa zuciyata a kusa take.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, ana zamanin Jihar Arewa, wata ranar kasuwa da damina sai ga autarmu ta same ni a bakin makaranta da goyonta a baya. Ita a ƙauyen take aure, kullum tana tare da Adda. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce Inna ba ta da lafiya, kuma ta hana a gaya mini. Ta ce ciwon haƙori ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har wanzami ya cire mata na gefen hagu kusan duka, amma ciwon yana nan cikin dasashin da ba haƙori. Matar da ta haihu ita kaɗai a ɗaki ba wanda ya ji motsinta, in har aka ga ciwonta a fili, to abin ya kai.

Ranar Asabar na hau keke na tafi. Na same ta a gindin rumbu tana kaɗi, ta ba ni gefe kamar kullum. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi jiki. Ta kalli auta ta ce a gaya wa baƙo lafiya lau. Ina nan durƙushe wata 'yar iska ta kaɗo, sai na ga mazarin ya tsaya cak a hannunta. Kuncinta na hagu ya yamutse, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, ta daina numfashi. Bai daɗe ba ya sake ta, ta ci gaba da kaɗinta kamar ba a yi komai ba. Zufa ce kawai ta tsattsafo mata a goshi.

A zaure auta ta ba ni sauran labarin. Ta ce abin yana zuwa ne kamar walƙiya, daga gefen hanci ya tsaga zuwa kunne. Ruwan alwala yana tayar da shi, tauna tana tayar da shi, har gefen mayafi in ya shafi wurin. Wanzamin garin, wanda shi ya yi mana aski da kaciya duk gidan, ya yi iyakar abin da ya sani. Ya sa awartaki ya cire haƙorin da ta nuna, da ciwon ya dawo ya cire na kusa da shi, ya yi mata ƙaho a ƙeya. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wasu sun ce iska ce ta shafe ta a bakin rafi. Na ce wa Baba a kai ta asibiti. Ya ce a bari a cire amfanin gona tukuna, wa ke tafiya Sakkwato gero na tsaye?

Kafin a gama girbi sai ciwon ya fara ja da baya. Walƙiyar ta ragu, ta ragu, har ta ɗauke. Gida ya cika da murna. Aka soya masa aka raba sadaka, wanzami yana ta karɓar godiya a bakin masallaci, ni kaina na yi barci mai daɗi a Tambuwal. Har na fara tsokanar auta cewa ta tayar mini da hankali a kan ciwon haƙori.

Lokacin sussuka na sake zuwa. Mata suna shiƙa a bayan gida, ƙaiƙayi yana tashi, kowacce tana runtse ido tana kau da kai. Adda ta juyo za ta ɗauki ƙwarya, ba ta san ina tsaye kusa ba, sai na ga fuskarta sosai. Idonta na hagu ya yi ja wur, ga ɗan ƙaiƙayi zaune a kan ƙwayar idon, a tsakiya, kuma ba ta ko ƙifta ba. Ni da nake kallo sai da idona ya kawo ruwa. Na nuna wa auta, ta sa gefen zane ta cire mata, Adda ba ta motsa ba. Wata tsohuwa cikin masu shiƙar ta yi dariya ta ce jinin Fulani ke nan, ko wuta aka sa mata ba za ta nuna ba. Sauran suka taya ta yabo.

Ni ban ga abin yabo ba. Dauriya tana hana baki magana, amma ban taɓa jin dauriyar da ta hana ido ƙiftawa ba. Na ja auta gefe na matsa mata. Nan ta faɗa mini abubuwan da ta gani ta ɗauka ba komai ba ne: Inna tana cizon cikin kuncinta har jini ya fito ba ta sani ba, kunu mai zafi ya sale mata leɓe ba ta ajiye ludayin ba, tuwo yana maƙalewa a gefen bakinta sai an gaya mata. Duk gidan suna cewa haƙurinta ne ya ƙaru. Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara lissafi, idon nan nake gani.

Malamin asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, a Tambuwal abokin hirata ne. Da na kwatanta masa, bai yi dogon bayani ba, ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗakin shan magani, a kai ta Sakkwato kafin idon ya lalace. Na koma na tsaya wa Baba a kai. Na yi magiya, na yi fushi, na sa liman ya sa baki, har ya yarda. Muka hau motar kaya ni da Adda da auta. Ita tana can ƙuryar mota a kan buhu, ta ja mayafi ta juya wa inda nake baya, tun daga Tambuwal har muka sauka.

Likitan da muka samu Bature ne, sabon zuwa, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Mai yi masa tafinta yana can ɗakin marasa lafiya, da likitan ya ji ni malamin makaranta ne sai ya ce ai na isa. Na so in gaya masa cewa duk Sakkwato ba wanda bai dace da wannan aiki ba kamata, amma ta ina zan fara? Aka zaunar da Adda a kan kujera, ni a tsaye a gabanta, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni.

Ya ce in tambaye ta yaushe ciwon ya fara. Na tambaya. Ta dubi ƙasa ta ce wa auta ba wani ciwo. Ya ɗauko ɗan auduga da allura, ya ce ta rufe ido, duk inda ya taɓa ta faɗa ko ta ji. Ya shafa audugar a goshinta na hagu, shiru. Ya shafa a na dama, shiru. Ya ɗan soka allurar a kuncin hagu, ta ce ba komi. Ya soka a na dama, lafiyayyen, na ga yatsun ƙafarta sun naɗe cikin takalmi, amma bakinta ya ce ba komi. Ya gwada a wuya, ya gwada a bayan hannu, amsar ɗaya ce. Ba za ta ce ta ji zafi a gaban ɗan farinta ba, ko da allurar za ta fito ta ɗaya gefen.

Likita ya ajiye allurar yana kallonta. Ya ce mini in har ba ta ji a ko'ina, fuska da hannuwa duka, to tunaninsa ya fara tafiya wajen kuturta, zai tura mu wurin masu duba kutare su gwada fatarta. Na hango yadda za a ware mata ƙwarya a gida, na hango watannin da za a ɓata ana neman cutar da babu, ainihin abin kuma yana can yana cinta. Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba.

"Adda, don Allah ki dube ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kinka ce ba ki jin komi, wurin kutare za a kai ki, ijiyar ga kuma ta mutu. Kunyata kika ji? To ni ban yafe wagga kunya ba."

Auta ta kama baki. Ba a taɓa jin na yi mata magana haka ba, ni kaina na tsorata da abin da ya fito daga bakina. Likita yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya bai san me ake ciki ba. Adda ta daɗe kanta a sunkuye. Can ta juya wajen auta, a hankali.

"Ce mai shi juya baya."

Na tashi na fuskanci bango. Na yi wa likita bayani a taƙaice cewa al'ada ce, ya sake gwadawa. Ina kallon farar ƙasar bangon na ji muryarta a bayana. Nan da zafi. Nan babu. Nan kamar an taɓa ta bisa tufa. Nan babu ko kaɗan. Ina juya masa da Turanci. Da bakin ya buɗe kuma sai ta ci gaba ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce abin ya fi shekara biyu, tun kafin kowa ya sani. Ta ce akwai ranakun da ta shiga bayan rumbu ta cusa zane a baki don kada a ji ta. Ta ce yanzu rabin fuskar kamar ba nata ba ne, in ta dubi gefe guga ɗaya yakan zame mata biyu a bakin rijiya, kuma ƙasa takan ɗan juya mata. Duk wannan ta bakina ya bi kafin ya kai ga likita. Ina faɗa hawaye suna zuba, na gode wa Allah da bango nake kallo.

Da ya sa ta buɗe baki, auta ta ce haɓar ta karkace wajen hagu. Ya taɓa ƙwayar idon da silin auduga, bai ƙifta ba. Aka ɗauki hoton ƙashin kanta. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ɗaga hoton a taga, ya nuna mini wani wuri a ƙasan ƙoƙon kai inda ƙashin ya cinye. Ya ce akwai wata jijiya da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta rabu uku kamar ƙafar kaza, ɗaya ta nufi goshi da ido, ɗaya kunci, ɗaya haɓa, ita ke kai wa mutum labarin duk abin da ya taɓa fuskarsa. Yana zaton ƙari ne ya fito a gindinta. Lokacin da take jin walƙiyar nan, ƙarin ne ke matse jijiyar. Da ciwon ya ɗauke, jijiyar ce ta fara mutuwa. Wato ranar da muka raba masa muna murna, ranar ce ya kamata mu fi kowa kuka. Haƙoran kuwa ba su da laifin komai.

Ya ɗinke mata gefen fatar idon don ya rage buɗewa, ya ba da man da za a riƙa sawa. Ya ce cire ƙarin sai an buɗe kai, kuma ba a yin wannan a nan, sai can Kudu, a Badun. Bai ɓoye mini ba, ana iya mutuwa a wurin aikin. In an bar shi kuma zai ci gaba da girma, ya taɓa ji, ya taɓa tafiya, daga baya ya taɓa numfashi.

Baba ya ce sam. Ya ce kan mutum ba ƙwarya ba ne da za a fasa a kira gyartai ya ɗinke, in kwana ya ƙare gara ya ƙare a ɗakinta. Ni ma tsoron da yake ji shi nake ji. In na matsa aka tafi ta mutu a ƙasar da ba ta jin harshensu, da wane ido zan dubi gidan nan? Na rame, abinci ya daina shiga. Ana cikin haka wata safiya Adda ta goya ɗan auta za ta ɗebo ruwa, jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, Allah ya sa ta faɗi ta gefe. Da yamma ta aika auta ta gaya wa Baba cewa za ta tafi. Ta ce ba ta son ranar da za ta faɗa rijiya da ɗan mutane.

Muka bi motar 'yan goro ta Jega da Yawuri da Kwantagora, muka haye gadar Jaba, hanyar da ban taɓa zaton zan bi da mahaifiyata ba. A Badun wani farke ɗan ƙasarmu ya sauke mu a unguwar Sabo. Aka yi ta gwaje-gwaje, kullum da sabon hoto, kullum ni ne tafinta, kuma duk likitan da ya zo sai na fara roƙonsa ya bar ni in juya baya. Har ma'aikatan suka saba, da sun gan ni sai su nuna mini bango suna dariya. Ranar da za a yi aikin aka aske mata kai ƙwal. Auta ta tattara gashin ta ƙulle a gefen zane, ta ce ba za a bar gashin Inna a kwandon shara ba.

Tun hantsi aka shiga da ita. Muka zauna a gindin wata bishiya a harabar asibitin. Na yi azahar ban san raka'a nawa na yi ba. Duk wanda ya fito da fararen kaya sai in miƙe, ya wuce ni. Na yi ta tuna maganar da na faɗa mata a Sakkwato, ina cewa in ta tafi ke nan, kalma mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakaninmu ita ce ban yafe ba. La'asar ta yi, rana ta yi sanyi, sannan likitan da ya yi aikin ya fito. Ya ce an cire, ba irin mai yaɗuwa ba ne, tana numfashi da kanta. Amma jijiyar ta riga ta tafi, wannan rabin fuskar ba zai ƙara jin komai ba har abada. Na zauna a ƙasa a gabansa.

Kafin a sallame mu ya zaunar da ni ya ce sauran aikin namu ne. Ido mai ji shi ke tsaron kansa, nata kuwa ko ƙaya ta shiga ba za ta sani ba. Dole kowace safiya wani ya buɗe shi a cikin haske ya duba, in ya ga ja ko wani fari-fari a kan ƙwayar a garzaya asibiti. Ya nuna mini yadda ake yi. Saboda haka da muka dawo ba a wuce da ita ƙauye ba, aka ajiye ta a Tambuwal kusa da asibitin En'e, a ɗakin kakata. Auta ta koma gidan mijinta. Kakata kuwa idonta ya riga ya yi hazo, ba ta ko iya zura zare a allura. Ya rage saura ni.

Safiyar farko na wanke hannu na same ta a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Ta ɗaura ɗankwali a kan askin, ta sunkuyar da kai. Na tsuguna na ce Adda, wannan karon bango ba zai yi mana ba, sai kin ɗago kin dube ni sannan in ga cikin idon. Na sa yatsa na ɗaga fatar. Ta ɗago. Ƙwayar tana nan garau, ba ja, ba fari. Na sa man, na ce an gama.

Ba ta sauke kai ba. Ta ci gaba da kallona da lafiyayyen idon, daga goshi har haɓa, a hankali, kamar mai duba ƙwaryar da za ta saya. Sannan ta tsaya a kan girata ta dama.

"Wanga tabo fa?"

Na ce jaki ne ya kayar da ni a hanyar rafi, tun ban shiga makaranta ba.

Gefen bakinta mai ji ya ɗan motsa.

"An aiko an gaya mani, lokacin. Cewa anka yi ƙanƙane na."

Ta ɗaga hannu ta ɗora babban yatsanta a kan tabon, ta bi shi daga farko har ƙarshe. Yara suna can suna jirana a aji, har na ji an buga ƙararrawa, ban tashi ba.